Devdas a Littafi da a Majigi: Nazarin Ɗabi'un da Suka Sauya a Hanya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a garuruwan bakin tafkin Kainji, kamar Wara hedkwatar Ngaski, ko Yelwan Yawuri, ko ƙauyukan Shanga, ya san irin matsayin da fim ɗin Indiya yake da shi a hirar samari da 'yan mata. Tun cikin shekarun 1950 Kwarori 'yan kasuwa suke kawo waɗannan finafinai gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, daga nan suka bi kaset da faifai har suka shiga wayar hannu, yau ga su da murya ta Hausa a bakin taurarinsu. Cikin labaran soyayya da Indiyawa suka fi maimaitawa a majigi, da wuya a sami wanda ya kai labarin Devdas, watau saurayin da ya rasa masoyiyarsa ya kashe kansa da giya. Abin da yawancin masu kallo ba su kula da shi ba shi ne, labarin nan daga littafi aka ɗauko shi, kuma abin da littafin ya yi wa tir, shi ne fim ɗin ya yi wa ado.

Wannan maƙala za ta kwatanta ƙagaggen labarin da fim ɗin da Sanjay Leela Bhansali ya shirya a 2002, tare da waiwayar na Bimal Roy na 1955 inda bukata ta taso. Manufa ita ce a gano irin ɗabi'un da kowannensu yake yabo da waɗanda yake kushewa, domin su ne abin da mai kallo yake tafiya da su gida bayan an kashe majigi.

2.0 Marubucin da Littafinsa

Sarat Chandra Chattopadhyay mutumin ƙasar Bangal ne da ke gabashin Indiya. An haife shi a 1876, ya rasu a 1938. An buga Devdas cikin harshen Bangali a 1917, ko da yake ya rubuta shi tun yana saurayi, shekaru da dama kafin nan. Ɗan ƙaramin littafi ne wanda mai karatu zai iya gamawa a zama biyu. Ƙasar da labarin ya faru a cikinta ba za ta baƙunci mutumin Ngaski ba, don kuwa ƙasa ce ta koguna da fadamun shinkafa da kamun kifi, inda kwata take zaman wurin ɗiban ruwa da haɗuwar jama'a.

Devdas ɗan wani babban mai ƙasa ne a ƙauyen Talsonapur, irin waɗanda talakawa suke noma gonakinsu suna biyan galla. Parvati, wadda ake kira Paro, 'yar maƙwabtansu ce masu matsakaicin hali. Tare suka tashi tun suna makarantar ƙauye. Da aka ga Devdas ya gagara, sai aka tura shi Kalkata karatu. Sa'ad da Paro ta kai shekara 13, kakarta ta je ta yi wa uwar Devdas maganar haɗa su aure, aka ƙi. Uban Paro ya ji zafin abin, ya ba da ita ga Bhuvan Chowdhury na Hatipota, attajirin dattijo wanda matarsa ta rasu ta bar masa manyan 'ya'ya. Kafin ɗaurin aure Paro ta yi ƙundunbala ta tafi ɗakin Devdas da tsakar dare don ya yanke shawara, amma ya kasa. Ya gudu Kalkata, ya aiko mata da takarda ta yanke ƙauna, sa'an nan ya yi nadama ya dawo bayan bakin alƙalami ya bushe. Daga nan abokinsa Chunilal ya kai shi gidan wata karuwa mai rawa da waƙa, Chandramukhi, ya faɗa shan giya har ta cinye hantarsa, ya je ya mutu a ƙofar gidan mijin Paro ba tare da sun ga juna ba.

Wannan ƙashin labari yawancin finafinan sun riƙe shi, har da na P. C. Barua na 1935. Inda aka rabu shi ne wajen dalilai da halaye, kuma a nan ne ɗabi'a take ɓuya.

3.0 Dalilin Hana Aure

A cikin littafi gidajen biyu duk zuriyar Barahman ne, watau ajin malaman addinin Hindu, saboda haka babu bambancin asali mai nisa a tsakaninsu. Abu biyu uwar Devdas ta duba. Na farko, gidan su Paro suna karɓar kuɗi daga mai neman 'yarsu, alhali a wurin manyan gidajen Bangal uban yarinya shi ne yake ba da dukiya, wanda ya karɓa kuwa ana yi masa kallon mai sayar da 'ya. Na biyu, ba ta son surukai a jikin katangar gidanta. Ba ta ƙi yarinyar ba, hasali ma tana sonta. Ta ƙi auren ne cikin lumana, irin ƙin da mutanen kirki suke yi don tsoron bakin duniya.

A nan akwai abin lura ga Bahaushe. Abin da Bangali mai daraja ya ɗauka abin kunya, watau karɓar dukiya daga miji, shi ne Bahaushe yake kira sadaki, wanda aure ba ya inganta sai da shi, kuma haƙƙin matar ne. Wannan ya nuna cewa shingen da ya raba Devdas da Paro ginin al'ada ne kurum, wanda idan aka haye wani kogi sai a tarar babu shi. Marubucin ya san haka, shi ya sa ya bar dalilin ya zama ƙarami, don mai karatu ya ga yadda ƙaramin girman kai na mutanen da ba mugaye ba yake iya rushe rayuka uku.

Bhansali bai amince da ƙaramin dalili ba. A fim ɗinsa an mai da uwar Paro, Sumitra, 'yar zuriyar masu rawa da wasan dandali, aka sa uwar Devdas, Kaushalya, ta gayyace ta biki, ta bar ta ta yi rawa a gaban baƙi, sa'an nan ta tozarta ta a bainar jama'a. An kuma ƙarfafa muguntar matar wan Devdas, Kumud, ta zama mai hura wutar gaba, aka ƙago wani Kalibabu, surukin mijin Paro, don ya zama mugun labari. Mai kallo Bahaushe zai fi saurin gane wannan dalili, domin ya san yadda wasu gidaje suke ƙin haɗa zuri'a da makaɗa da maroƙa. Amma fa sauyin yana da farashi. Da zarar an sami mugu a labari, sai mai kallo ya sauke laifin duka a kansa ya huta. Littafin bai ba mai karatu wannan hutu ba, don kuwa mutanen da suka yi ɓarnar irin iyayensa ne da maƙwabtansa, kuma irinsa ne shi kansa.

Yana da kyau a tuna a nan cewa a mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Yawuri da sauran ƙasar Hausa, abin da ake dubawa wajen dacewar miji da mata shi ne addini da kuɓuta daga aibobin da ke ba da damar raba aure. Dukiya da sana'ar kakanni al'ada ce ta shigo da su. Ke nan sukar da littafin ya yi wa iyayen Devdas tana iya faɗawa kan iyaye da yawa a nan gida.

4.0 Halin Tauraro

Devdas na littafi ba abin sha'awa ba ne, kuma marubucin bai ɓoye haka ba. Tun a babin farko an nuna shi yana tura ɗan ajinsu cikin tarin farar ƙasa, ya gudu daga makaranta ya ɓuya yana shan taba, ya kuma doki Paro don yana zargin ta tona masa asiri. Da ya girma halin bai sake ba, sai dai ya sami sabuwar riga. Yarinya 'yar shekara 13 ta sayar da mutuncinta ta taka cikin dare zuwa wurinsa, shi kuwa namiji ya kasa tsayawa gaban ubansa, ya kuma kasa gaya mata gaskiya baki da baki, sai a takarda. Bai gama karatu ba, bai taɓa riƙe sana'a ba, gadon ubansa ya ci har ya mutu.

A ƙasar Zuru, maƙwabciyar Yawuri, Dakarkari suna da al'adar golmo, inda saurayi yake yi wa surukinsa noma shekara da shekaru kafin a ba shi mata. A bakin tafkin Kainji ma, matashin Basarke ko Bagunge ba ya maganar aure sai ya nuna zai iya riƙe jirgi da koma ko fartanya. A irin wannan ma'auni so yana da nauyi, ana auna shi da gumi da juriya. In aka ɗora Devdas na littafi a kan wannan sikeli ba zai motsa shi ba, kuma abin da Sarat Chandra yake so a gani ke nan.

Fim ɗin 2002 ya ɗauki wannan rago ya yi masa rawani. An sauya Kalkata da Landan, ya dawo bayan shekara 10 da karatun lauya da kwat da malafa. An ba shi bakin da zai mai da wa ubansa magana, aka kuma ba Shah Rukh Khan, wanda farin jininsa ya riga ya cika duniya, ya fito a matsayinsa. Ko a cikin maye kalamansa a tsare suke kamar na mawaƙi, tufafinsa fari fat, kwalbarsa tana walƙiya. Dilip Kumar a fim ɗin 1955 ya fi kusa da littafi, domin ya nuna mutum mai ƙarancin magana wanda kunya da nadama suke ci a hankali, har mai kallo ya ji tausayinsa ba tare da ya yi sha'awar zama shi ba.

Babu inda bambancin ya fi fitowa kamar wurin tabon goshi. A littafi, bayan Devdas ya dawo yana neman gyara, sun haɗu a kwata yana riƙe da sandar fatsa. Paro ta gaya masa cewa ita ma iyayenta suna da mutunci, ba nasa kaɗai ba, kuma ba ta da sauran amincewa da shi. Da ya rasa amsa, sai ya ɗaga sandar ya fasa mata goshi, wai don ya rage mata alfahari da kyaunta. Duka ne na wanda aka kayar da hujja. A fim ɗin Bhansali kuwa an kai abin cikin ɗakin amarya a ranar biki, aka mai da sandar fatsa sarƙar wuya mai tsada, jinin da ya zubo ya sauka daidai inda matan Hindu suke shafa jan garin da ke nuna mace tana da aure. Da haka duka ya koma alamar ɗaurin aure na zuci. Gaskiya ne ko a littafin Paro ta riƙe tabon a matsayin abin tunawa, amma marubucin ya bar sandar a matsayinta na sanda. Yarinyar da ta koyi cewa dukan masoyi hatimin so ne, ta koyi abin da zai cuce ta a gidan miji.

5.0 Matan Biyu

Paro ta littafi ta shiga gidan dattijo ta mai da shi gidanta. Ta ba 'yar mijinta, Yashoda, kayan adonta na zinariya don ta kwantar mata da hankali, ta jawo babban ɗan, Mahendra, har ya riƙe ta uwa, ta sa tufafi marasa ado, ta duƙufa ga ciyar da baƙi da matalauta. Mijin nata ma mutum ne mai kunya da sauƙin hali, wanda yake jin nauyin auren yarinya ƙarama. Ba ta daina son Devdas ba, har ta roƙe shi bayan rasuwar ubansa ya bar giya ya zo ta yi jinyarsa, amma ba ta bar son ya hana ta sauke nauyin da ke kanta ba. Wannan shi ne haƙurin da Hausawa suke cewa maganin zaman duniya, sai dai marubucin ya nuna tsadarsa, don mai karatu yana ganin ƙuruciyar da aka binne a ƙarƙashinsa.

Paro ta fim, wadda Aishwarya Rai ta fito a matsayinta, an san ta ne da fitilar da ta kunna ranar da Devdas ya tafi, ta hana ta mutuwa shekara da shekaru. Hoto ne mai kyau ƙwarai, amma ya taƙaita rayuwar mace ga jiran namiji ɗaya. Ayyukan alherin da suka cika rabin rayuwarta a littafi sun ragu, gwala-gwalan da ta kyautar kuwa sun dawo jikinta ninki-ba-ninki. An kuma taurara zuciyar mijin, har ya kulle ta a gida da ya ji labarin tsohon masoyinta.

Haka abin yake ga Chandramukhi. A littafi raini da ƙyamar da Devdas ya nuna mata su ne suka sa ta dubi kanta, ta bar sana'ar, ta sayar da kayan ɗakinta, ta koma wani ƙauye tana zaman talauci, ba ta dawo Kalkata ba sai don ta nemo shi ta yi jinyarsa. Tubarta a aikace take. A fim kuwa Madhuri Dixit tana zaune cikin wani gida mai kama da fadar sarki har kusan ƙarshe, domin majigi ba ya son rabuwa da rawa.

Sai dai adalci ya wajaba a nan. A littafi matan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, Bimal Roy kuma ya bar su suka gifta juna a hanya da kallo ɗaya. Bhansali ya haɗa su, ya sa matar babban gida ta taka zuwa unguwar karuwai, ta gayyaci Chandramukhi bikin Durga, suka yi rawa tare. Da Kalibabu ya tona asirinta a gaban taro, Chandramukhi ta mare shi, ta kuma tuna wa manyan mutanen da ke wurin cewa da kuɗinsu irin gidanta yake tsaye. Ko da yake da wuya irin wannan ta faru a Bangal ta wancan zamani, fim ɗin ya faɗi wata gaskiya da littafin ya yi shiru a kanta, watau al'umma tana jifan karuwa tana kuma shimfiɗa wa mai zuwa wurinta tabarma. A wannan gaɓa fim ya ƙara wa labarin daraja.

6.0 Mutuwar Devdas

Ƙarshen littafin yana da ɗaci. Devdas ya yi ta yawo a jirgin ƙasa tare da tsohon baransa Dharmadas, da ya ji ajali ya matso sai ya sauka a tashar Pandua ya bar baran yana barci, ya hau keken shanu zuwa Hatipota don cika alkawarin da ya yi wa Paro na zuwa wurinta kafin ya mutu. Ya iso ba ya iya magana, ya cika a gindin bishiya cikin baƙin da ba su san shi ba. Daga takardun aljihunsa aka gane ko wane ne. Masu kwasar gawa suka ɗauke shi, suka ƙona rabi suka yar, karnuka da ungulaye suka taru a kan saura. Paro ta ji sunan bayan an riga an tafi da shi, ta ruga, aka kamo ta aka dawo da ita a sume. Marubucin ya rufe da roƙon mai karatu ya yi wa irin waɗannan mutane addu'ar kada su mutu babu mai ƙaunarsu a kusa. Ɗan babban gida ya ƙare babu makara babu masu rakiya, kuma duk Bahaushen da ya san darajar sutura da jana'iza zai gane girman wannan gargaɗi.

A fim ɗin 2002 an cire karnuka da ungulaye. Devdas yana kwance jajayen furanni suna zuba a kansa, Paro tana gudu farin mayafinta yana jan ƙasa, manyan ƙyamare suna rufuwa a hankali, ya hango ta dishi-dishi kafin ransa ya fita, fitilar nan kuma ta mutu. An kashe wa fim ɗin kimanin rufi miliyan 500, wanda ya sa ya zama mafi tsada a Indiya a lokacinsa, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Kan a Faransa a shekarar da ya fito. Dukiyar nan tana bayyane a kowane hoto, har a kan gawa. Mutuwar da littafi ya mai da abin tsoro ta zama abin ƙawa, mashayi ya tashi daga abin tausayi ya koma shahidin soyayya.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da shaye-shaye ya addabi matasa, har Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Saurayin da aka hana wa budurwa a Wara ko Yelwa, idan ya karanta littafin zai ga inda hanyar kwalba take ƙarewa. Idan fim kaɗai ya gani, yana iya ɗaukar cewa lalacewarsa ita ce shaidar gaskiyar sonsa, ya kuma ɗora wa iyaye da duniya laifin abin da ya yi wa kansa.

7.0 Kammalawa

Ba a cewa dole fim ya bi littafi sawu da ƙafa. Alƙalami yana shiga zuciya ya faɗi abin da ke ciki, majigi kuwa sai abin da ido zai gani da wanda kunne zai ji, saboda haka sauyi ba makawa ne. Abin tambaya shi ne ko sauyin ya bar hukuncin labarin a inda yake. A Devdas na 2002 sunaye da aukuwa suna nan, amma hukuncin ya juya. Littafi ya zargi ragwancin saurayi da girman kan iyaye na kirki, ya yabi mace mai sauke nauyi da mace mai tuba. Fim ya zargi mugaye ƙalilan, ya wanke saurayi, ya yabi so don kansa ko da ya kai ga halaka, ko da yake ya buɗe wa mata bakin da littafi bai ba su ba.

Darasin ya shafi masu shirya finafinan Hausa, domin su ma sun daɗe suna ɗaukar littafi su kai majigi, tun daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976, zuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littafin Balaraba Ramat Yakubu da ya zama fim ɗin Alhaki Kwikwiyo a 1998. Duk mai irin wannan aiki ya kamata ya fara tambayar kansa wane ne marubucin ya ɗora wa laifi, wane ne kuma ya wanke, kafin ya zaɓi tauraro da tufafi da waƙa. Malaman adabi a makarantun Yawuri da Ngaski da Shanga su ma suna da abin yi a nan, don ɗalibansu sun riga sun san finafinan. Abin da ya rage shi ne a ajiye musu labarin asali kusa da fim, a sa su nemo da kansu abin da aka cire da abin da aka ƙara, su kuma faɗi dalili.